Tiriglisarid 2,35 a takardar awon jini: da yawa ne ko kaɗan?

Baban Nafisa (Tawa):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu ilimin likita ku taimaka mini. Jiya na amso takardar awon jinin da anka yi mini, kuma sai ran Litinin zan koma wajen dokta. Wurin da anka rubuta Triglycérides (tiriglisarid, wani irin kitse ne cikin jini) an sa 2,35, an ja layi ƙarƙashinshi da jan biro. Kolestarol duka 1,90, HDL (kolestarol mai kyau) 0,38, sukari 1,12. Ni dai ba ni jin ciwon komi, hawan jini ne ya kai ni. Shekaruna 47. Wanga 2,35 abin tashin hankali ne?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗana, Allah ya sa kaffara ce.

Ɗan Ƙonni:
Yaya ka kwantar da hankalinka. Wana ya yi irin wanga awon a Sakkwato, nashi 140 ne, dokta ya ce lafiya lau, sai an kai 150 ake magana. Kai da kake da biyu da ɗan wani abu ai ko kusa ba ka yi ba.

Mahamadu na labo (Yamai):
Ɗan Ƙonni, tsaya tukuna, kar ka sa mutum ya saki jiki. Takardar wanka da ta Yaya ba da ma'auni ɗaya aka rubuta su ba. Kai da ke bakin iyaka ka fi kowa sanin cewa in aka ce maka kaya dubu biyu ne, sai ka tambaya Sefa ko Naira. A Najeriya wasu labo suna rubuta mg/dL, wasu mmol/L. Mu nan yawanci g/L muke rubutawa, kamar yadda ake yi a Faransa, wani lokaci a ƙara mmol/L a gefe.

150 mg/dL ɗin da aka gaya wa wanka shi ne 1,50 g/L a takardarmu, shi ne kuma 1,7 mmol/L. Yaya, duba bayan lambar, me aka rubuta?

Baban Nafisa (Tawa):
An rubuta g/L. Gaba kuma akwai wani gida an sa < 1,50.

Mahamadu na labo (Yamai):
To naka 235 ne ke nan in da a ma'aunin takardar Sakkwato aka rubuta shi, ko 2,66 a mmol/L. Ya wuce iyaka, shi ya sa aka ja layi.

Ga babban mutum da aka ɗebi jininsa bai ci komai ba, ƙasa da 1,50 g/L shi ne daidai. Daga 1,50 zuwa 1,99 ya fara hawa. Daga 2 zuwa 4,99 ya hau. Daga 5 zuwa sama ya hau ƙwarai, kuma nan ne likitoci ke gaggawa. Naka yana mataki na uku, amma can ƙasa-ƙasansa. Duk mai takardar mg/dL ya raba lambarsa da 100 ya samu g/L, mai g/L kuma ya ninka da 1,13 ya samu mmol/L.

Tambayar da ta fi damuna: da ƙarfe nawa ka ci abincin dare, kuma me ka sa a baki da safe kafin a ɗebi jinin?

Baban Nafisa (Tawa):
Da dare wajen sha ɗaya munka ci balangu a fada, na sha hura kafin in kwanta. Da safe ban ci abinci ba kamar yadda anka ce. Shayi kaɗai na sha da ƴar madara bayan asuba. Ƙarfe takwas anka ɗebi jinin.

Mahamadu na labo (Yamai):
Shayi da madara da sukari ai abinci ne a wajenmu, Yaya. In an ce ka zo ba ka ci komai ba, ana nufin awa 12 ruwa zalla ne kawai ya shiga cikinka. Wasu labo suna karɓar awa 9 zuwa 12. Tiriglisarid shi ne awon da abinci ya fi motsawa a duk layukan takardar nan, domin maiƙon da hanji ya tsotsa yana yawo a jini awoyi da dama bayan an ci. Ni shawarata a sake awon kawai. Wannan takarda ba a gina hukunci a kanta.

Malam Usaini:
Ke nan babu komai, shayin ne ya ɗaga lambar. Alhamdulillah.

Dokta Zainabu (Yamai):
Salamu alaikum. Malam, ban yarda a ce babu komai ba. Mahamadu ya yi gaskiya, a sake awon, musamman saboda sukarin, domin 1,12 bayan shayi mai zaƙi ba ya gaya mana abin da muke nema. Amma kar Baban Nafisa ya zauna da tunanin cewa in ya sake zai ga 1,20. Likitocin Turai sun yarda tun 2016 a riƙa yin wannan awo ko mutum ya ci abinci, kuma iyakar da suka sa ga wanda ya ci ita ce 1,75 g/L. Naka ya wuce har wannan. Abincin yau da kullum ɗan kaɗan yake ƙarawa ga yawancin mutane. Balangu da hura na sha ɗayan dare za su iya ƙara fiye da haka, amma ina kyautata zaton ko an sake za a same shi sama da iyaka.

Kuma ni ba layi ɗaya nake kallo ba. HDL ɗinka 0,38, alhali ga namiji ana son ya kai 0,40, ga mace 0,50. Kana da hawan jini. Tiriglisarid ya hau. In aka sake sukari aka same shi tsakanin 1,10 da 1,25, to abubuwa huɗu ne suka haɗu, kuma waɗannan tare suke tafiya: alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Hanyar ciwon sukari ke nan, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An ma lura mu baƙar fata tiriglisarid ɗinmu yakan zauna ƙasa da na Turawa ko da matsalar insulin ta fara, shi ya sa in na gan shi ya hau a wajen ɗan ƙasarmu ba na raina shi.

Ba abin kwana a likita ba ne, ba kuma abin kasa barci ba ne. Gargaɗi ne da ya zo da wuri, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Hajiya Rabi:
To ɗana ka ji. Ka bar man gyaɗa, ka bar nama, ka ce wa mai ɗakinka ta daina soye-soye. Kullum da safe ka matsa lemun tsami cikin ruwan ɗumi da tafarnuwa, yana narkar da kitse. Ka yawaita zogale.

Dokta Zainabu (Yamai):
Inna Hajiya, zogale kam na sa hannu, a ci kwaɗonsa a ƙoshi. Rage suya ma alheri ne. Lemun tsami da tafarnuwa ba za su cutar ba in ba shi da gyambon ciki, sai dai ba sa narkar da kitsen jini, kar ya dogara da su.

Amma akwai abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe, domin kullum sai na faɗe shi a wajen aiki. Mutane suna jin an ce kitse sai hankalinsu ya tafi ga mai da nama. Tiriglisarid ɗin da ake aunawa da safe, ciki babu komai, yawancinsa hanta ce ta ƙera shi. Da me take ƙera shi? Da sukari da garin da ya fi ƙarfin buƙatar jiki. Shayi, lemun kwalba, zoɓo da aka cika wa sukari, burodi, farar shinkafa, taliya, fanke. Duk abin da jiki bai ƙone ba hanta tana juya shi maiƙo ta zuba a jini, a kai shi ajiya a tumbi. Na sha ganin wanda ya haramta wa kansa nama wata da watanni, yana cin shinkafa fal faranti yana korawa da lemo, ya dawo lambar ba ta motsa ba.

Malam Usaini:
Dokta, da girmamawa, wannan magana ta shayi ina da ja. Iyayenmu da kakanninmu sun sha shayi, Buzaye can Abalak da Cintabaraden dare da rana suna kan buta, kuma ga su nan sirara, ƙafarsu ta fi tamu ƙarfi. Me ya sa sai mu za a ce shayi ya kama?

Ɗan Ƙonni:
Malam ya faɗi abin da ke raina. Kuma kofin shayin nan ɗan mitsitsi ne fa.

Dokta Zainabu (Yamai):
Malam, makiyayin da kake magana yana wuni bayan dabbobi, yana jan ruwa a rijiya. Sukarin da ya sha kafin azahar ya ƙone. Ɗan kasuwar Tawa ko ma'aikacin ofis a Yamai daga gida sai moto, daga moto sai kujera, da dare kuma fada. Shayin ɗaya ne, aikin jikin ne ya bambanta. Kuma sirantaka ba takardar shaida ba ce, sai an auna ake sani.

Ƙanƙantar kofi kuma, ku da kuke dafawa ku faɗi gaskiya: sukari nawa ke shiga buta daga na fari zuwa na uku? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya wuce wajen giram 50 a yini ga babban mutum, in ya tsaya a 25 ya fi. Ƙwarar sukari ɗaya ta kwali kusan giram 5 ce. Kwalbar lemo ta 33 cl ita kaɗai tana ɗauke da wajen giram 35. Wanda ya zauna zama uku na shayi a yini, kowane zama kofi uku, ya ƙara da lemo ɗaya bayan abincin rana, ya yi lissafin da kansa.

Malam Usaini:
Lissafin na gane. Amma fada ba shayi kaɗai ba ce Dokta, zumunci ce. Mutum ya zauna cikin abokai a miƙo masa kofi ya ce a'a, sai a ce ya fara girman kai ko yana zargin wani. Ku likitoci kuna ba da shawara kamar mutum shi kaɗai yake rayuwa.

Ibrahim Wadata:
Malam ni na bi ta nan. Nawa ya kai 3,10 g/L, ga tumbi. Ban bar fada ba, kuma ba wanda ya ce na yi girman kai. Abin da na yi, na ce wa yaron da ke dafawa ya zuba mini nawa kafin ya sa sukari, kofi ɗaya nake karɓa a zama. Da fari ɗaci ya dame ni, daga baya baki ya saba. Na bar lemo gaba ɗaya. Shinkafar dare na mai da ta tuwon gero da miyar kuka, ko wake da kwaɗon zogale. Bayan asuba ina taka ƙafa rabin awa kafin rana ta yi zafi. Da na sake awo ya sauko 1,70, ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Yanzu mu uku ne a fadarmu ke shan marar sukari.

Dokta Zainabu (Yamai):
Madalla Ibrahim. Abin da ke da daɗi da tiriglisarid ke nan, yana jin gyara da sauri fiye da kolestarol. In mutum ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, lambar takan sauka da wajen kashi 20. Mai kilo 90 ke nan ya zubar da huɗu da rabi zuwa tara. Tafiya kuma minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar.

Malam, na karɓi maganarka, mutum ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Shi ya sa ma nake ganin gyaran da aka yi a buta ya fi wanda mutum ɗaya zai yi a kofinsa.

Baban Nafisa (Tawa):
Dokta hura fa? Don in anka hana ni hura an gama da ni.

Dokta Zainabu (Yamai):
Ba wanda zai hana Ba'adare hura, Yaya. Gero ya fi farar shinkafa da burodi nesa ba kusa ba. Ka sha da nono, ba sukari, ludayi kaɗan ba ƙwarya guda ba, kuma ba lokacin kwanciya ba. Kifi ma ka riƙa sa shi a madadin naman mai kitse, ga na Tabalak nan kusa da ku, gasasshe ya fi soyayye. Sardin na gwangwani yana da irin man da ke sauke tiriglisarid, sai dai ka lura da gishiri saboda hawan jininka. Wanda kuma ke taɓa giya, ban ce kai ba, ya sani tana cikin abubuwan da suka fi ɗaga wannan lamba.

Ran Litinin ka tafi da kwalayen maganin hawan jininka. Akwai wasu, irin masu sa fitsari da masu rage bugun zuciya, da kan ɗan ɗaga tiriglisarid. Kar ka daina sha da kanka, dokta ne zai duba.

Ɗan Ƙonni:
To ba akwai ƙwayar da ake sha ba? Wani abokina yana shan fenofibrat, ya ce a farmasi ya saya. Yaya ya saya ya huta mana.

Dokta Zainabu (Yamai):
A'a ƙanena. A 2,35 ba da fenofibrat ake farawa ba. Ana gyara ci da motsi wata biyu zuwa uku a sake awo, a kuma nemi abin da ke ƙarƙashi: ciwon sukari, ciwon ƙoda, ko raunin tiroyid, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. In likita ya ga haɗarin zuciya ya yi yawa, sau da yawa statin zai rubuta, ƙwayar rage kolestarol, kuma LDL (kolestarol marar kyau) da shekaru da hawan jini da shan taba yake dubawa kafin ya yanke. Fenofibrat an fi ajiye shi ga wanda ya kai 5 g/L, kuma sai an duba ƙoda da hanta. Haɗa shi da statin ba tare da sa ido ba yana iya taɓa tsoka.

Mahamadu na labo (Yamai):
Masu 5 zuwa sama ɗin nan mu muke fara ganinsu. In muka juya jini a inji, ruwan da ke tasowa sama rawaya ne garau. Wanda nasa ya hau ƙwarai sai ruwan ya fito fari kamar an zuba nono. Ranar da na ga irin wannan ba na jiran mutum ya dawo karɓar takarda, kiran likitansa nake yi.

Dokta Zainabu (Yamai):
Dalili shi ne pankiriyas, wadda ke kwance bayan ciki tana yin insulin. Daga 5 g/L haɗarin kumburinta yana farawa, daga 10 kuma ya yi tsanani. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa har baya, da amai. Mai babbar lamba da ya ji haka ya tafi likita a daren, kar ya ce gyambon ciki ne ya sha kanwa. Irin waɗannan lambobi sau da yawa akwai gado a ciki, ko ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, don haka ƴan uwansa na jini su ma su auna.

Malam Usaini:
Tambaya ta ilimi. A takardar Baban Nafisa ban ji ya faɗi LDL ba. Ni kuma wata takarda da na gani an bar gidan LDL babu komai.

Mahamadu na labo (Yamai):
Yawancin labo lissafa shi muke yi, da ƙa'idar Friedewald ta 1972: kolestarol duka, a cire HDL, a cire tiriglisarid da aka raba gida biyar. Na Yaya: 1,90 a cire 0,38 a cire 0,47, saura 1,05 g/L. In tiriglisarid ya wuce 4 g/L lissafin ba ya yin daidai, sai a bar gidan ko a auna LDL kai tsaye.

Ibrahim Wadata:
Mahamadu, da azumi fa? Mutane da yawa suna cewa lokacin ne ya fi dacewa tunda ba a cin komai.

Mahamadu na labo (Yamai):
Sai an lura da awa. Wanda ya yi sahur wajen ƙarfe biyar ya zo labo ƙarfe tara, awa huɗu kawai ya yi, kuma sahur ɗinmu ka san nauyinsa. In dole ne a cikin azumi, a tambayi labo ko za su ɗiba da la'asar sakaliya. In ba gaggawa, a bari sai bayan salla da ƴan makonni, ci ya koma yadda aka saba.

Maman Isma'il (Tawa):
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Dokta ni ina da ciki wata bakwai, an yi mini awo an samu 2,80 g/L. Da na karanta maganganunku gabana ya faɗi, tunda nawa ya fi na Baban Nafisa.

Dokta Zainabu (Yamai):
Ƙanwata kar gabanki ya faɗi. Iyakar 1,50 ba ta mai ciki ba ce. Ciki da kansa yana ɗaga tiriglisarid, a watannin ƙarshe yakan ninka biyu har uku, kuma yana sauka bayan haihuwa. Ki nuna wa ungozomar da ke miki awo, ki tabbata an duba sukarinki, domin shi ne abin lura a wannan lokaci. Kar ki sha wata ƙwayar rage kitse, ko ta farmasi ko ta gargajiya. Bayan kin haihu da wata biyu zuwa uku a sake.

Yara ma nasu daban ne: ƙasa da shekara 10 ana son ƙasa da 0,75 g/L, daga 10 zuwa 19 ƙasa da 0,90.

Maman Isma'il (Tawa):
Na gode Dokta, Allah ya saka. Sai ɗaya kuma. Ƙanwata za a yi mata aure bayan salla, ƙawayenta sun ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi na ƙiba, ta kusa wata uku tana sha kullum. Fuskarta ta cika, cikin ya fito, amma ƙafafun suna nan sirara. Shin ita ma wannan awon ya shafe ta?

Hajiya Rabi:
Innalillahi. Ƴan matan nan ba su jin magana. Ki karɓe ƙwayoyin yau ɗin nan ki zuba a masai.

Dokta Zainabu (Yamai):
Inna Hajiya, don Allah kar a zubar tukuna. Yadda Maman Isma'il ta kwatanta fuskar da cikin, ina jin tsoron deksametazon ne ko danginsa, wanda masu tallan magani ke sayarwa a faranti. Yana ɗaga tiriglisarid, yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abin da ya taru mata a fuska ba ƙibar lafiya ba ce. Amma wanda ya yi watanni yana shansa, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, in aka yanke rana ɗaya yana iya faɗuwa, ƙarfin bugun jini ya sauka, har a rasa rai. A hankali ake janye shi, kuma likita ne ke tsara yadda za a rage.

Maman Isma'il, gobe ki kama hannunta ku tafi likita da ƙwayoyin a cikin ledarsu ko kwalinsu, a ga sunan. A auna mata hawan jini da sukari da kitsen jini, ta je ba ta ci komai ba tun bayan isha'i. In tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ko wani magani daban, shi ma a faɗa. Kuma ki tambaye ta cikin lalama su wa ke sha a cikin ƙawayen nata, domin da wuya a ce ita kaɗai ce.

Maman Isma'il (Tawa):
To Dokta. Ƙawayen su huɗu ne da na sani, ɗaya ma ɗiyar maƙwabciyarmu ce. Bari in fara da uwarta yanzu kafin a rufe gida.